Me ya sa zakarun ces ke fara tura dakaren gaban sarauniya?

A ranar 16 ga Satumban 1927 wasu mutum biyu suka zauna gaban allon ces a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, ba su rabu ba sai 29 ga Nuwamba. Ɗaya shi ne José Raúl Capablanca ɗan ƙasar Kuba, zakaran duniya, wanda ya taɓa shafe shekara takwas, daga 1916 zuwa 1924, ba a ci shi ko sau ɗaya a gasa ba. Ɗayan kuma Alexander Alekhine, haifaffen Rasha mazaunin Faransa, wanda kafin wannan karo bai taɓa cin Capablanca ba. Sharaɗi shi ne duk wanda ya fara cin wasa shida ya ɗauki kambu, canjaras ba ya cikin lissafi.

Wasa 34 suka buga. A 32 daga ciki buɗin wasan iri ɗaya ne: Fari ya tura dakaren gaban sarauniya, ya biyo da na kusa da shi a matsayin kyauta, Baƙi ya ce ba ya so. Wata biyu da rabi ana abu ɗaya! To, mene ne a cikin wannan buɗi da ya sa gwanayen duniya biyu suka maƙale masa haka, kuma har yau in kambu na kan gaba sai ka ga an koma gare shi?

Ga wanda bai saba da wasan ba, ces shi ne abin da Larabawa ke kira shaɗaranji. Allonsa gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, shi ya sa za ka ji ana cewa d4 ko c6, sunan gida ke nan. Kowane ɓangare na da sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu da dakaru takwas a gaba. Giwa dai sunan da Larabawa suka ba ta ne, Turawan Ingila bishof suke ce mata. Fari ne ke farawa, kuma yana da taku 20 da zai zaɓa daga ciki, amma waɗanda suka fi yawa a manyan gasa biyu ne: dakaren gaban sarki zuwa e4, ko na gaban sarauniya zuwa d4.

A ido kamar duk ɗaya ne. Amma duba da kyau. Dakaren da ya je e4 ba shi da mai tsaronsa, domin sarki ba ya kai hannu can. Baƙi na iya far masa nan take, a yi musayar dakaru, layuka su buɗe, kafin taku goma an fara jifa. Wanda ya je d4 kuwa sarauniya na tsaye a bayansa. Idan Baƙi ma ya kawo nasa d5, shi ma da tasa sarauniyar a baya. Ba mai iya ture wani cikin sauƙi. Faɗan bai fasa ba, an dai ɗage shi ne, kuma wanda ya fi sanin inda zai ajiye kayansa kafin lokacin ya yi, shi ke da riba.

Daga waziri zuwa sarauniya

A shaɗaranjin da aka buga a fadar Bagadaza, zamanin su as-Suli wanda ya yi tashe a wajen halifa al-Muktafi a farkon ƙarni na 10, babu sarauniya. A gidanta akwai wani mai ba sarki shawara da ake kira firzan, kuma gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Dakaru ma gida ɗaya-ɗaya suke tafiya tun daga farko. Saboda wasan na da nawa, gwanaye kan jera kayansu a wani tsari da suka haddace kafin a gwabza, suna kiran tsarin ta'abiya, wato jera runduna. Kalmar ba ta mutu ba. Har gobe manyan 'yan wasa na cewa tabiya idan suna nufin sanannen matsayin da daga shi ne ainihin tunani ke farawa.

A ƙarshen ƙarni na 15 ne aka sauya dokoki a ƙasar Sifen, firzan ya zama sarauniyar da ke ratsa allo ta ko'ina. Buɗin d4 da c4 ya bayyana a rubuce tun a wannan zamanin, amma ya daɗe ba a yi da shi, don mutanen lokacin sun fi son a kai wa sarki hari tun da sanyin safiya. Cikin waɗanda suka tallata shi akwai Philip Stamma, mutumin Halab ta Siriya, wanda ya wallafa littafinsa a Faris a 1737 da kuma Landan a 1745. Shi ya sa aka taɓa laƙaba wa buɗin sunan Halab.

Sunan da ya zauna shi ne gambit ɗin sarauniya, wanda ko waɗanda ba sa wasan sun ji shi albarkacin wasan kwaikwayon da Netflix ya fitar a 2020. Kalmar gambit daga Italiyanci take, asalinta maganar 'yan kokawa ce, sa wa abokin karawa ƙafa ya faɗi. Taɗiya ke nan da Hausa, babu ragi babu ƙari.

Kyautar da ba kyauta ba

Ga yadda taɗiyar take. Bayan d4 da d5, Fari ya tura dakare zuwa c4, inda na Baƙi zai iya cinye shi. Abin da yake nema shi ne dakaren Baƙi ya bar tsakiyar allo ya koma gefe. In ya ci, Fari ya buɗe wa giwarsa hanya da e3, ta je ta karɓo dakaren, tsakiya kuma ta zama tasa. Cin ba laifi ba ne, manyan 'yan wasa na ci, amma da niyyar mayarwa. Wanda ya ce sai ya riƙe, shi ne ke shan wuya. Ya kare dakaren da b5, Fari ya taɓa shi da a4, ya ƙara tokara da c6, a yi musaya a b5, sai kawai sarauniyar Fari ta fito f3. Daga nan har gidan a8, inda hasumiyar Baƙi ke zaune, babu abin da ya tare hanya. Dole ya rasa doki ko giwa, in ba haka ba hasumiyar ta tafi. Taku shida kacal. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma kusan duk mai koyo sai ya faɗa wannan ramin sau ɗaya.

Shi ya sa da yawa ke ƙin karɓa, su tokare d5 da e6. Wannan shi ne abin da aka yi ta bugawa a Buenos Aires. Katanga ce mai ƙarfi, sai dai tana da farashi: dakaren e6 ya toshe wa giwar Baƙi da ke c8 hanya, ta zama akuyar ɗaure. Mai karatu ya riƙe wannan giwar a ransa, domin rabin dabarun wannan buɗi a kanta suke, yadda za a sake ta, da yaushe, kuma a biya nawa. Wasu na tokarewa da c6 maimakon e6 don su bar mata ƙofa, shi ake kira kariyar Silab, amma kuma sun cinye wa doki gidan da ya fi so. Ko ta ina ka bi akwai abin da za ka bayar.

Kada a ɗauka Fari ne kaɗai ke da tarko. Akwai wanda ake kira tarkon giwa. Fari ya kai giwarsa g5 ta ɗaure dokin Baƙi na f6, don in dokin ya motsa sarauniya ce a bayansa. Ganin haka, bayan an yi musayar dakaru a d5, sai ya ce ai dakaren nan ba mai tsaronsa, ya sa doki ya cinye. Sai dokin da ake cewa ɗaurarre ya yi tsalle ya ci dokin Fari, ya bar sarauniyarsa a fili. Fari ya cinye ta yana murna. Sai giwar Baƙi ta sauka b4 ta yi wa sarki barazana, kuma babu abin da zai tare sai sarauniyar Fari. Ita ma ta tafi. Da ƙura ta lafa, Baƙi ya fi da babban ɗa guda, a bakin dakare ɗaya.

Amma waɗannan tarkunan na masu koyo ne. Abin da manya ke nema a wannan buɗi ya fi haka sanyi, ya kuma fi haka mugunta. Ɗauki tsarin da ake kira na Carlsbad, sunan garin da aka yi wata gasa a 1923. Fari ya ci d5 da dakarensa na c, Baƙi ya rama da na e. Yanzu a ɓangaren sarauniya Baƙi na da dakaru uku a layukan a, b da c, Fari na da biyu. Hankali zai ce mai biyu ya zauna lafiya. Ina! Shi ne ke kai hari. Ya tura dakaren b sannu a hankali, b4, b5, ya je ya yi musaya a c6. Abin da ya rage wa Baƙi shi ne dakare guda a c6 wanda babu ɗan'uwansa da zai kare shi, ga kuma layin c a buɗe hasumiyoyin Fari na kallonsa. Ana kiran wannan harin 'yan tsiraru. Mutum zai kashe taku ashirin don kawai ya samar da rauni ɗaya, ya ƙara wasu talatin yana matsa shi. Ba a yi wa sarki ko tari ba, amma wasa ya ƙare.

Irin wannan yaƙin aka yi a 1927, kuma abin mamakin shi ne Capablanca ne aka sani da shi. Alekhine an san shi da hari mai walƙiya, amma ya zauna ya yi nazarin wasannin zakaran, ya zo ya kayar da shi a gonarsa. Ciwon haƙori ma ya taso masa ana cikin gasar har aka cire masa haƙora, bai tashi ba. Ya ci shida, Capablanca uku, 25 kunnen doki. Wasan ƙarshe an ɗage shi ne, Capablanca bai dawo kan allo ba, takarda ya aiko cewa ya sallama. Bai sake samun damar ramawa ba har ya rasu a 1942. Shi ne kuma ya riƙa kukan cewa canjaras zai kashe ces, har ya kawo shawarar a faɗaɗa allo a ƙara sababbin 'ya'ya biyu. Shawarar ba ta karɓu ba, wasan kuma bai mutu ba.

Baƙon da ya zo daga Punjab

Abin da ya hana shi mutuwa har da sabuwar amsar da aka samo wa d4. Maimakon Baƙi ya kawo dakare d5, sai ya fito da doki f6, ya bar Fari ya cika tsakiya, shi kuma ya harbe ta daga nesa da giwaye. Ana kiran wannan dangi kariyar Indiya, saboda an ga salon a wasannin Moheschunder Bannerjee na Kalkata a shekarun 1850. Su Aron Nimzowitsch da Ernst Grünfeld ne suka gyara shi ya shiga manyan gasa a shekarun 1920.

A irin wannan buɗin aka buga wasan da ni a ganina ya kamata duk mai son d4 ya bi shi taku-taku. Sultan Khan, haifaffen Punjab a yankin da yanzu ke cikin Pakistan, ya zo Ingila a 1929 cikin tawagar wani attajiri mai sarauta, Sir Umar Hayat Khan. Da dokokin Indiya ya tashi, inda dakare ba ya tsallake gida biyu a takun farko, kuma bai san littattafan buɗi na Turai ba. Duk da haka ya ci gasar Birtaniya sau uku, a 1929 da 1932 da 1933. A gasar Hastings ta ƙarshen 1930 ya haɗu da Capablanca. Ya kafa d4 da c4, a taku na biyar ya tura dakaren gefe zuwa a3, ɗan ƙaramin taku mai hana giwar Baƙi sauka b4. Bai ɓoye sarkinsa a lungu kamar yadda kowa ke yi ba, a tsakiya ya bar shi. Da Capablanca ya kutso da hasumiyoyi biyu, sai ya ba da sarauniyarsa ya karɓe su duka biyun, sannan ya shiga matsa tsohon zakaran a hankali. Sarauniyar Capablanca ta yi ta kai-kawo babu inda za ta ciza, har taku na 65 ya sallama. Wannan a3 ɗin daga baya sunan Tigran Petrosian aka laƙaba masa, Garry Kasparov kuma ya ci mutane da shi ba kaɗan ba a farkon shekarun 1980. Sultan Khan ya koma gida a ƙarshen 1933, ya rasu a 1966. Sai a 2024 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba shi lambar babban gwani ta girmamawa.

Ko masu rantsuwa da e4 sukan waiwayo in abu ya yi tsanani. Bobby Fischer na Amurka kusan duk rayuwarsa dakaren sarki yake turawa. A wasa na shida na karonsa da Boris Spassky a Reykjavik a 1972, sai ya fara da c4, aka zagayo aka faɗa taɗiyar sarauniya, buɗin da Spassky ya ƙware a kai. Fischer ya ci a taku 41, kuma wasan ya yi kyau har Spassky ya bi 'yan kallo yana tafa masa. Viswanathan Anand na Indiya ma haka ya yi wa Vladimir Kramnik a Bonn a 2008, ya ajiye e4 ya ɗauko d4, shirin da abokin karawarsa ya yi na watanni ya tashi a banza. A karon Anatoly Karpov da Kasparov na Mosko kuwa, wanda aka fara a Satumban 1984, wannan buɗin ya nuna ɗaya fuskar tasa. An yi ta maimaita shi, aka jera canjaras 17, daga ƙarshe aka dakatar da gasar a Fabrairun 1985 bayan wasa 48 ba tare da an samu zakara ba.

Gajeriyar hanya ta Landan

Yanzu kuma ga abin da ke tashe. Duk wanda ke buga ces a waya ya san shi: d4, giwa ta fito f4, dakaru a e3 da c3, doki a f3, ɗayan a d2, ɗaya giwar a d3. Tsarin Landan ke nan, daga gasar da aka yi a birnin a 1922. Babu c4, babu kyauta, babu haɗari. Ka haddace shi da yamma, da dare ka fara cin abokanka. Kuma ba abin raini ba ne, Magnus Carlsen na buga shi, Ding Liren na ƙasar Sin ma da shi ya ci Ian Nepomniachtchi a wasa na shida na gasar kambun duniya a Astana a 2023.

Sai dai ina da ja a kan yadda yara ke ɗaukarsa. Ding in ya buga Landan, yana kallon abin da abokin karawarsa ke yi ne a kowane taku. Yaro kuwa sai ya zuba taku bakwai kamar mai karanta hadda, bai ko ɗaga ido ba. Ran da ya gamu da wanda ya san hannunsa, Baƙi ya buga c5, ya fito da sarauniya b6 tana kallon dakaren b2, wanda giwa ta bari ba tsaro tun da ta fita f4, sai ka ga yaro ya daskare. Bai taɓa koyon abin da ake yi idan dakaru biyu suka tsaya suna kallon juna, kowa na iya cin kowa, ba wanda ya ci. Wannan zaman ɗar-ɗar ɗin shi ne makarantar d4, kuma c4 ce ke kawo shi. Wanda ke koya wa yara, gara ya bar su su buga taɗiyar, su faɗa tarkon giwa, su rasa dakaren c6 sau goma. Landan ba za ta gudu ba, sa same ta daga baya.

Ga kuma agogo, wanda mai wasa a gida ba ya lissafawa da shi. A gasa kowa da lokacinsa, ka taɓa ɗa dole ka motsa shi, kowane taku kuma sai ka rubuta. Matsayin da ba a musayar kaya da wuri yana cin tunani, tunani kuma yana cin mintoci.

An ga haka a Singafo ranar 27 ga Nuwamban 2024, wasa na uku tsakanin Ding, mai riƙe da kambu, da Gukesh Dommaraju na Indiya, ɗan shekara 18. Kowa na da minti 120 na taku 40 na farko, kuma kowane wasa da aka ci dala 200,000 ne. Gukesh, wanda ya sha kaye a wasan farko da e4, ya dawo da d4 da c4, ya yi musaya a d5, tsarin Carlsbad sak. Ding ya saki giwar nan ta c8 da wuri, ta fito f5, da aka yi musayar sarauniyoyi ta kutsa har c2 tana farautar dakare. Shigar ta yi sauƙi, fitar ce ta gagara. Ding ya ƙone lokacinsa yana neman yadda zai cece ta, daga ƙarshe ya ba da ita a bakin dakaru biyu, agogonsa kuma ya cika a taku na 37, saura taku kaɗan a ƙara masa lokaci. Wannan ne karo na farko da Gukesh ya ci Ding a dogon wasa. Ranar 12 ga Disamba ya karɓe kambun da maki 7.5 da 6.5.